Ku Tambayi Malam: Sojan Ruwa a Garin Katako

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ɗana yana NDA, makarantar horar da hafsoshin soja, ɓangaren sojan ruwa. Da ya zo hutu na ji yana ba ƙannensa labarin wasu sojojin ruwan Ingila da aka tsare shekara huɗu a ƙasar da ba ta yaƙi da su, wai har wasu suka yi aure a can. Ni dai na ɗauka hirar bariki ce. Wanda ba ka gaba da shi, da wane dalili za ka kulle shi?
Daga wata uwa, Unguwar Dosa, Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya yi wa yaron albarka, gaskiya ya faɗa. A ƙasar Holan aka yi abin, a garin Groningen da ke can arewacinta, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Da yaƙi ya ɓarke a watan Agusta 1914, Ingila ta kira sojojin ruwanta na ko-ta-kwana, sai aka tarar mutane sun fi guraben jirage yawa. Winston Churchill, wanda shi ke riƙe da ma'aikatar sojan ruwa a lokacin, ya ce rarar a mayar da su sojan ƙasa. Farkon Oktoba aka kwashe su zuwa Antwerp ta ƙasar Beljiyam don su tare Jamusawa. Da yawansu ko harbi ba su gama koya ba, bindigogin tsofaffi, wasu ko gorar ruwa babu. Duk shekarun da na yi ina koyar da tarihi, in na iso nan sai ɗalibai su yi dariya: an ɗauki kifi an ce ya yi tsere a tudu.

Antwerp ba ta tsaru ba. Aka ba da umarnin a ja da baya, amma saƙon ya makara kafin ya isa ga wasu bataliyoyi. Ko da suka taso, Jamusawa sun datse hanya. Shugabansu, Kwamado Wilfred Henderson, ya duba ya ga ko dai su faɗa hannun abokan gaba, ko su tsallaka iyakar Holan da ke kusa. Sai ya tsallaka da mutum wajen 1,500. A ganina ya yi dabara, don 'yan'uwansu da Jamusawa suka kama, sansanin fursuna suka ƙare a Jamus.

To ga inda tambayarki take, Hajiya. Holan 'yar ba-ruwanmu ce a wannan yaƙi. Yarjejeniyar da aka ƙulla a birnin Hague a 1907 ta ce duk ƙasar da ba ta cikin yaƙi, in sojojin wani ɓangare suka shigo mata, wajibi ne ta tsare su nesa da fagen daga. Ki ɗauka maƙwabtanki biyu ne ke dambe a waje, ɗaya ya faɗo zaurenki. In kika ba shi ruwa ya huta, kika buɗe masa ƙofar baya ya zagaya ya ci gaba, ai kin shiga faɗan. Jamus kuwa tana nan jikin katangar Holan tana kallo. Saboda haka suka karɓe makamansu, suka ce ku zauna sai an gama. Yarjejeniyar ta kuma ɗora wa mai masauki ci da tufafin baƙin, da sharaɗin in an yi sulhu a biya shi abin da ya kashe. Tsarewa ce, amma da lissafin kuɗin tuwo.

Da fari a barikin sojan garin, mai suna Rabenhaupt, aka zuba su. Farkon 1915 aka kammala musu dogayen ɗakuna na katako a filin da ke bayan barikin. Su da kansu suka laƙaba wa wurin HMS Timbertown, wato jirgin sarki mai suna Garin Katako. Ki tambayi ɗanki, zai gane barkwancin. Sojan ruwa ko a tudu ya gina bariki, sunan jirgi yake ba shi. Mu ma mun gaji wannan: NNS Beecroft da ke Apapa da NNS Lugard da ke Lakwaja duk a kan ƙasa suke, ba sa motsi.

Abin da ya fi damun manyansu shi ne zaman banza. Samari 1,500, lafiyarsu ƙalau, ba yaƙi, ba aiki, ba ranar tafiya. Sai aka cika musu yini: fareti, doguwar tafiya a ƙafa, ƙwallo, azuzuwan karatu, aikin kafinta da saƙa. Suna buga mujallarsu a cikin sansanin. Suka kafa ƙungiyar wasan barkwanci da ta yi suna har tana zuwa wasu garuruwan Holan. Daga baya aka bar su suna fita aiki a masana'antu da gonaki, ana ba su damar shiga gari, kuma a nan ne maganar auren ta samo asali. Har hutu aka riƙa ba wasu su je Ingila bisa alkawarin za su dawo. Wannan shi ya fi ba ni mamaki, a sallami tsararre ya je gida, jinginarsa kawai kalmar bakinsa. Wasu dai sun gudu, wasu kaɗan kuma sun rasu, kaburburansu na nan a garin.

An tsagaita wuta ran 11 ga Nuwamba 1918, cikin 'yan kwanaki suka kama hanyar gida. Yau unguwa ce a wurin, akwai titi mai suna Engelse Kamp, wato Sansanin Ingilishi.

TAMBAYA: Malam, an taɓa tsare Turawa a Najeriya lokacin yaƙi? Kakana ya sha faɗin haka muna musu.
Daga wani ɗalibi, Kawo.

AMSA: Ɗana, in kakan yana raye ka je ka ba shi haƙuri. An yi, a Yaƙin Hitila. Sai dai waɗannan galibi farar hula ne, laifinsu kawai ƙasarsu na gaba da Ingila. Jamusawa sun sake sayen manyan gonakinsu na Kamaru, ɓangaren da Ingila ke mulka tare da Najeriya, a gwanjon da aka yi a Landan a 1924, suna can har yaƙi ya same su. A 1940 aka rufe Kwalejin Gwamnati ta Umuahia, aka mayar da ita wurin tsare Jamusawa da Italiyawa, ɗalibanta aka rarraba su wasu makarantu. Daga baya aka loda tsararrun a jirgin ruwa zuwa Jamaika, makarantar kuma ba ta sake buɗewa ba sai 1943.