MySQL ya ƙi tashi, in sayi sabuwar laftof ne ko yaya?

Tambaya: Salam Malam. Ni ɗalibi ne a Zariya ina ajin ƙarshe, na saka XAMPP (manhajar da ke mayar da kwamfuta sabar gwada shafin intanet) don aikin furojet ɗina, Apache mai nuna shafin yana tashi lafiya lau amma MySQL, wato rumbun ajiye bayanan, da na danna Start sai ya yi kamar zai tashi kuma ya mutu, ya rubuto min da jan rubutu wai "MySQL shutdown unexpectedly". Abokina ya ce RAM ɗina ce ta yi kaɗan, 4GB ce, wai sai na nemi mai 8GB. Ni kuma sai dai in sayar da wayata in cika. Dan Allah in saya?

Amsa: Wa'alaikumussalam ƙanina. Riƙe wayarka. 4GB ta ishi XAMPP har da canji, wannan MySQL ɗin da ke ciki ko rabin giga ba ya ci in ba wani gagarumin aiki ka ɗora masa ba, Chrome ɗinka ma ya fi shi haɗama nesa ba kusa ba. Kuma wancan jan rubutun ba dalili yake faɗa maka ba, cewa kawai ya yi abin ya mutu. Dalilin yana cikin wani fayil da kusan kowa ke tsallakewa, a layin MySQL ɗin nan akwai maɓallin Logs, danna shi ka buɗe mysql_error.log ka gangara can ƙasa, layukan ƙarshe su ne na yau.

Ina kyautata zaton abin da zaka gani shi ne maganar 3306, wani abu kamar "Do you already have another mysqld server running on port: 3306". Ita 3306 ƙofa ce da MySQL ke tsayawa yana jiran masu magana da shi, kuma shiri biyu ba sa tsayawa a ƙofa ɗaya. Yadda abin ke faruwa ga ɗalibai kuwa, a wani zangon baya malami ya ce kowa ya saka MySQL da Workbench, ka saka ka ci jarrabawa ka manta da shi, shi kuwa bai manta da kai ba, kullum ka kunna kwamfuta yana tashi a ɓoye ya tare ƙofar, to na XAMPP ya zo ya tarar da mai gida a zaune sai ya juya.

Buɗe cmd, wato baƙin allon rubuta umarni na Windows, ka rubuta netstat -ano | findstr 3306, lambar da ke ƙarshen layin ka nemo ta a Task Manager ƙarƙashin Details zaka ga ko wane ne. In tsohon MySQL ne, ka shiga services.msc ka nemo MySQL80 ko mai kama da wannan suna, ka tsayar da shi ka mayar da shi Manual, sannan ka koma XAMPP ka danna Start. Wasu za su ce maka ka canza ƙofar zuwa 3307 a my.ini (fayil ɗin saitin MySQL), yana aiki, amma sai ka bi phpMyAdmin (shafin da ake sarrafa MySQL da shi) da lambobin PHP ɗinka duk ka gyara, ranar difens kuma a kwamfutar wani ka manta ka tsaya kana zufa gaban malamai. Ni dai na fi son a kashe wancan.

Af, kar ka kwaso foldar data ta tsohon ka zuba a XAMPP. Sunan MySQL ne a jikin maɓallin amma tun 2015 abin da ke ciki MariaDB ne, wanda Michael Widenius, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro MySQL, ya ɓalle ya kafa a 2009 lokacin da kamfanin Oracle ke shirin mallakar MySQL (sunayen ma na 'ya'yansa mata ne, My da Maria). Uba ɗaya ne amma fayilolinsu yanzu ba sa jituwa. In kana da aiki a tsohon, fitar da shi a fayil ɗin .sql ka shigar ta phpMyAdmin.

Tambaya: Ina sayar da turaren wuta da humra ta intanet, ƙanina ya kama min VPS (sabar haya a intanet) mai RAM 1GB ya saka WordPress (manhajar gina shafi) da MySQL, tun ranar farko shafin ke cewa "Error establishing a database connection", in ya tayar da shi sai ya sake mutuwa. Ya ce mu koma mai 4GB, kuma da dala ake biya duk wata.

Amsa: Hajiya, a nan kam ƙanin naki zai iya yin gaskiya, amma ya tabbatar tukun. Ya rubuta sudo dmesg | grep -i "out of memory", in ya ga sunan mysqld a ciki to Linux ne da kansa ke kashe shi don wuri ya ƙare. Ya kuma duba df -h ko faifan ne ya cika. In RAM ce, ya fara ƙara swap (yankin faifai da ke taya RAM aiki) na 1GB ko 2GB, kyauta ne, sau da yawa shi ke nan an wuce wurin, in bai isa ba mai 2GB ta wadatar, tsalle zuwa 4GB ɓarnar dala ce. Tsakani da Allah ma, shagon da bai fara cika da masu saye ba hostin na haɗaka (sabar da shafuka da yawa ke tarayya a kai) mai allon sarrafawa na cPanel ya fi miki kwanciyar hankali, masu hostin ɗin ke kula da sabar, ke ki ji da kwastomominki.

Tambaya: Malam ina da kemis a Kano, wani yaro ya saka min manhajar lissafin kaya a kan XAMPP, wata uku muna aiki da ita. Jiya aka ɗauke wuta ana tsaka da ciniki, yau MySQL ya ƙi tashi. Yaron ya ce zai goge wani fayil ibdata1 ya gyaru, ko in sayi sabuwar kwamfuta.

Amsa: Alhaji ka riƙe hannun yaron nan. Wannan ibdata1 da kake gani InnoDB, wato injin ajiya na MySQL, na ajiye muhimman bayanan teburanka a ciki, in ya goge shi sabar zata iya tashi tas, amma ka buɗe ka tarar da sunayen tebur kawai suna cewa babu su, lissafin wata uku da bashin da kake bin mutane ya bi ruwa. Kafin kowa ya taɓa komai, a kwafe foldar C:\xampp\mysql\data gaba ɗaya a filashi, a ajiye gefe.

Abin da ya faru, wutar ta yanke yana tsakiyar rubutu ne sai fayil ya tsaya rabi da rabi. Ya karanta log ɗin, in InnoDB ne ke kuka ya buɗe my.ini ƙarƙashin [mysqld] ya saka innodb_force_recovery=1 ya gwada, in ya ƙi ya koma 2, sai 3. Daga 4 zuwa 6 kan iya lalata bayanan har abada, wannan sai wanda ya ƙware sosai. Da zarar ya tashi ba ciniki za a ci gaba ba, a yi maza a fitar da komai da mysqldump (umarnin da ke kwafe rumbun zuwa fayil ɗin .sql), a cire wancan layin, a kafa rumbun sabo a mayar da kayan ciki.

Sabuwar kwamfuta ma in aka ɗauke wuta haka zata yi maka. UPS zaka saya, wato akwatin batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, ɗan ƙarami mai 650VA ya isa kwamfuta ɗaya da allonta, mintuna kaɗan zai baka amma sun isa a danna Stop a kashe ta da kyau, ka dai sani batirinsa na gajiya bayan 'yan shekaru sai an canza. Sai filashi biyu, yaron ya nuna wa mai tsaron kanti yadda ake Export a phpMyAdmin kullum kafin a rufe, ɗaya ya kwana a shago ɗayan ka tafi da shi gida a aljihu.