Amsa kan motsewar ƙwayar alkama a yankin Jazira na Sudan

Ɗan'uwa, ka ce alkamarka ta fitar da kai mai kyau amma ƙwayar ta motse, kana zargin taki. Ni dai zafi nake zargi. Alkama 'yar sanyi ce. Idan zafi ya haura digiri 30 tana fure, zangarniya kan zo da giɓi. Idan kuma tana cikin cika ƙwaya ya same ta, sai ta nuna da wuri, buhu ya rasa nauyi.

Yaushe ka shuka? Wanda ya kai Disamba, zafin ƙarshen Fabrairu da Maris zai riske shi. Baɗi ka gama cikin Nuwamba, ka nemi iri mai jure zafi irin Imam, na masu binciken noma na Wad Madani, babban birnin Jazira. Kuma don Allah kada gonar ta ji ƙishi bayan ta fitar da kai.