Me ya kai talakawa Manchester alhali birnin yana cinye su?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. A darasin tarihi an koya mana cewa biranen Turai sun kumbura a zamanin juyin masana'antu, kuma ma'aikata sun sha baƙar wuya a cikinsu. To in haka ne, me ya sa mutane suka ci gaba da barin ƙauyukansu, har da ƙasashensu, suna tururuwa can? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Bari in ɗauki birni ɗaya mu duba, wato Manchester ta Ingila, domin a can aka fi ganin abin ƙuru-ƙuru. A 1801 mutanen garin ba su kai 100,000 ba, amma zuwa 1851 sun haura 300,000. Ba haihuwa kaɗai ta kawo wannan ba. Baƙi ne suka cika garin.

Da farko masaƙun auduga a bakin rafi ake gina su, saboda ruwa ke juya injin. Da injin tururi ya zo, sai ya zama kwal kawai ake buƙata, kuma yankin Lancashire, inda Manchester take a lokacin, yana da shi jingim. Tun 1761 aka haƙa hanyar ruwa ta Bridgewater mai kawo kwal cikin gari da araha, a 1830 kuma jirgin ƙasa ya haɗa Manchester da tashar ruwa ta Liverpool, inda audugar Amurka ke sauka. Inda kwal da auduga suka haɗu, nan aiki ya tare.

Amma ni a ganina, ƙauye ne ya fi koro mutane, ba daɗin birni ya ja su ba. Masu ƙasa sun katange filayen da talaka ke kiwo da yin itace a ciki. Masaƙin hannu da ke aiki a ɗakinsa ya wayi gari inji ya karya farashin yadinsa, yana saƙa daga asuba zuwa dare bai samu na abinci ba. A masaƙa kuwa ana biya duk mako, ana ɗaukar mata, ana ɗaukar yara. Tun 1819 doka ta hana sa yaro ɗan ƙasa da shekara 9 aiki a masaƙun auduga, amma sai a 1833 aka naɗa jami'an da za su tabbatar ana bin dokar. Abin da ciwo, amma ga magidancin da ba shi da gona, hannu huɗu ko biyar masu kawo kuɗi su ne bambancin ci da kwana da yunwa. Yawancin baƙin nan ma daga ƙauyukan kusa suka fito, wani ya bi yayansa, wani ya bi maƙwabcinsa.

Na nesa su ne mutanen Ireland. Da ma sun saba ƙetarowa aikin girbi su koma gida, kamar dai 'yan cin rani. Sai a 1845 wata cuta ta faɗa wa dankalin turawa, wanda shi ne abincin talakansu. Cikin 'yan shekaru kimanin mutum miliyan 1 suka mutu, wasu kamar haka suka bar ƙasar. Mai kuɗin jirgi ya nufi Amurka, marar shi ya sauka Liverpool, da yawa suka ƙarasa Manchester a ƙafa. Wanda ya baro gawa a bakin hanya ba zai tsaya tambayar ko ɗakin haya yana da taga ba.

Ɗakunan kuwa, Allah ya kyauta. Akwai wata unguwa a kwari, gefen kogin Medlock, da ake wa laƙabi da ƙaramar Ireland. Friedrich Engels, wani marubuci Bajamushe wanda ya zaga ta da ƙafarsa, ya rubuta a 1845 cewa kusan mutum 4,000 ke cunkushe a ciki, kuma salga ɗaya ta kan zama ta mutum 120. Iyalai na kwana a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, in kogi ya cika ruwa ya shigo musu har kan shimfiɗa, ga hayaƙin masaƙu ya rufe sama. Kwalara ta shiga garin a 1832. Rahoton da wani jami'in gwamnati, Edwin Chadwick, ya fitar a 1842 ya nuna matsakaicin shekarun mutuwa a gidajen leburorin Manchester 17 ne, alhali na takwarorinsu a karkarar Rutland 38. Ki lura, ba wai kowa na mutuwa yana ɗan 17 ba ne. Yawan mutuwar jarirai da ƙananan yara ne ya ja lissafin ƙasa haka. Wannan adadi shi ya fi tsaya mini a rai a duk tarihin nan.

Kuma ba a tarbi baƙin Ireland ɗin da hannu biyu ba. An zarge su da karya farashin ƙwadago da kawo cuta, an tsangwame su saboda su 'yan Katolika ne, alhali su ke haƙa, su ke dako, su ke ɗora bulon garin.

Gyara ya zo a makare, bayan masu hali sun gane kwalara ba ta san unguwar attajirai ba. An yi dokar kiwon lafiyar jama'a a 1848, aka shiga gina madatsun ruwa da magudanai, har a 1894 Manchester ta jawo ruwan sha daga tafkin Thirlmere, tafiyar fiye da kilomita 150.