Yaya ake faɗin indict, subtle da ire-irensu a Ingilishi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a ajin tarminal a nan Maraɗi. Ina karanta jaridun Najeriya a waya don in ƙarfafa Ingilishina, sai nake ta cin karo da indict, subtle, colonel, epitome da awry. Na ce "indikt" a gaban wani baƙonmu ɗan Katsina, ya ce ba haka ba ne. Mene ne ma'anarsu, kuma yaya ake faɗinsu?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗana. Baƙonku ya fi ka gaskiya. Wanda ya yi lakkol da Faransanci, in ya ga kalma mai kama da wadda ya sani, sai bakinsa ya riga kunnensa, kuma nan ake yin tuntuɓe.

Indict "in-DAIT" ake cewa, ba a taɓa harafin c. Ma'anarta hukuma ta tuhumi mutum da laifi don a gurfanar da shi gaban alƙali. Ka kula, tuhuma ce kawai, ba a yanke masa hukunci ba tukuna. Daga tsohon Faransanci ta shigo ba tare da c ba, wajajen shekarar 1600 masu rubutu suka cusa harafin don ta yi kama da Latin, amma baki bai bi alƙalami ba. Haka aka yi wa b a subtle: "SA-tul" ce, ko da yake a subtil ta Faransanci ana jin harafin. Tana nufin abin da ba ya fitowa fili, sai mai lura, kamar bambancin shuɗi biyu da marini kaɗai ke ganewa. Debt, wato bashi, "det" ce. Receipt kuwa "ri-SIIT", ita ce rasit ɗin da 'yan kasuwar Kano ke yanke maka.

Colonel ka riga ka san ta: ita ce Kanar da kake ji a rediyo. Baturen Ingila "KA-nul" yake cewa, gaɓa biyu, da jan ta farkon.

Epitome ce ta fi kayar da ɗalibai, domin Faransanci ya saba musu da haɗiye e na ƙarshe. Daga Girkanci take, gaɓa huɗu: "i-PI-ta-mi". Cikakken misalin wani hali ke nan. In an ce wance epitome of patience ce, haƙuri ya ƙare a kanta. Awry "a-RAI" ce, ba "ori" ba, wato a karkace. The plan went awry, shiri ya wargaje.

Dubi gaɓoɓin da muka rubuta da manyan haruffa, nan ake danna murya. Faransanci a ƙarshen kalma yake dannawa, Ingilishi kuwa ba shi da wuri ɗaya, kuma in ka danna inda bai dace ba sai a kasa gane ka ko da haruffanka sun fita daidai. A ƙamus na Oxford ko Cambridge za ka ga ɗan karan nan ˈ a gaban gaɓar da ake dannawa. Ka latsa alamar lasifika ka saurara sau uku, ka ɗauki muryarka a waya, sannan ka gwada su biyun.