Alkawarin kuratan Jamus da ranar 20 ga Yuli

Ɗana, saƙonka ya iso, kuma na ji daɗi da karatu bai hana ka buɗe ido ba. Ka ce ka ga kurata a talabijin an jera su a Berlin ranar 20 ga Yuli suna ɗaukar alkawari, kana tambayar dalilin zaɓen ranar, da abin da ya sa ba a ambaci sunan shugaba ba. Ni da na ƙare ƙuruciyata cikin kaki, wannan al'ada tana taɓa min zuciya.

Tushenta ciwo ne. Ranar 2 ga Agusta 1934, da Shugaba Hindenburg ya rasu, aka sa sojoji suka rantse da Allah za su yi wa Hitler biyayya ido rufe, shi kansa, da sunansa. Rantsuwar nan ta zame wa hafsoshi da yawa igiya a wuya. Suna ganin ta'asa ƙiri-ƙiri, sai su ce ai mun riga mun rantse. Ranar 20 ga Yuli 1944 Kanar Stauffenberg, wanda yaƙi ya riga ya raba shi da ido ɗaya da hannun dama, ya ajiye jaka mai bam a ƙarƙashin teburin taron Hitler. Bam ya tashi, Hitler ya tsira. A daren nan aka harbe Kanar da abokansa uku a farfajiyar ginin Bendlerblock da ke Berlin, inda yau ma'aikatar tsaro ke da ofis. Tun 1999, a mafi yawan shekaru, ake kai kurata can a wannan rana, don su san a gaban wa suke tsaye.

Da aka kafa sabuwar runduna ranar 12 ga Nuwamba 1955, sai aka cire sunan mutum daga rantsuwa. Kurtu yana alkawarin yi wa Tarayyar Jamus hidima da amana, da kare haƙƙi da 'yancin al'ummar Jamus da jarumta. Shi ke nan. Dokar soja ta 1956 ta ce umarnin da bin sa laifi ne, haramun ne soja ya bi shi. A horon farko na wata uku, yaron da ya wuni yana rarrafe cikin taɓo, yana kwance bindiga yana ɗaurawa, shi ne kuma za a zaunar a aji a karanta masa wannan. Mu a zamaninmu abin da muka sani shi ne bi oda tukuna, ƙorafi daga baya. Su kuwa majalisar dokoki tana da wakili na musamman wanda kowane kurtu zai iya rubuta masa kai tsaye, ba sai takarda ta bi ta hannun samanja ba. Wallahi wannan ya fi burge ni a kan duk tankokinsu.

In ka sake kallo, lura da 'yan kaɗan da ke fitowa daga sahu, a sunkuyar musu da tuta su ɗora hannu, sauran suna maimaita kalmomin da murya ɗaya. Dubi huluna kuma: koriya ta sojan ƙasa ce waɗanda suke kira Jäger, masu hawan duwatsu suna maƙala farin furen edelwais, 'yan laima masu dirowa daga jirgin sama kuwa ja mai duhu.

Gwaggonka tana gaishe ka, ta ce ka riƙa sa rigar sanyi.