Batura na mutuwa a motar ƙanƙarata, in ci bashi in sayi litiyam?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ƙaramar bas da na cire wa kujeru na sa firiza, ina bin kasuwanni da ƙanƙara da zoɓo da kunun aya: Maigatari ran Alhamis, Wudil ran Juma'a, Ɗambatta ran Lahadi. A kan rufin akwai farantin sola guda mai wat 300, a ciki kuma batura biyu da inbata, na'urar da ke juya wutar batir ta zama irin ta gida. Ƙanin maiɗakina ne ya haɗa mini, shi ne kuma yake sayo baturan. Shekara biyu ba ta cika ba na canja batura sau uku, kowane canji kusan naira dubu 300. Ranar kasuwa nakan samu ribar kamar dubu takwas. An ce batirin litiyam yana shekara goma. Ina so in ci bashi in saya, in Allah ya buɗa in ƙara mota ta biyu. Mece ce shawara?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ka dakata da maganar bashin nan tukuna.

Na duba wasiƙarka ina neman lamba guda, ban same ta ba. Ka faɗi kuɗin batir, ka faɗi riba, har ranakun kasuwa ka jera. Amma wutar da firizarka take sha a yini nawa ce? Wadda farantin yake kawowa fa? Na tabbata ba ka sani ba, kuma ba ka taɓa rubutawa ba. Ka zuba kusan dubu 900 a cikin abin da ba ka taɓa aunawa ba, yanzu kuma kana neman ka ƙara da kuɗin mutane. Matsalar taka ke nan, rashin littafi. Sauran duk rassa ne.

Bari in yi maka lissafin da ya kamata a ce an yi tun kafin a ɗaura farantin. Faranti mai wat 300 ba ya ba da wat 300 daga safe zuwa yamma. A ƙasarmu ana ƙiyasta awa biyar zuwa shida na rana mai ƙarfi. In ka cire asarar zafi da ƙura da waya, abin da zai shiga batir bai fi kilowat-awa ɗaya (wato yunit ɗaya na mitar wuta) da ɗan kai ba a yini. Firizar gida kuwa, a cikin bas mai zafi, ana buɗe ta ana rufewa duk minti biyar, tana iya shan kilowat-awa ɗaya da rabi zuwa biyu a yini, inbata ma ta ci nata kason, kamar kashi goma zuwa goma sha biyar cikin ɗari. Randa ce ake zuba mata bokiti biyu ana ɗiban uku. Giɓin nan daga jikin batir yake fita kullum, batir ɗin bai taɓa cika ba tun ranar da aka sa shi. Batirin darma, wato batirin da aka saba da shi, in yana zama a rabin caji, wani farin gishiri ne ke kama farantan cikinsa ya ƙanƙare, daga nan ƙarfinsa ya riƙa raguwa har ya daina riƙe wuta. Wata bakwai da kake samu, ai ma sun yi maka ƙoƙari.

Kuma ina da tabbacin in ka isa kasuwa gindin dogon yaro kake nema ka faka, don kai da kaya ku sha inuwa. Farantin da ke saman motar shi ma inuwar yake sha. Ko reshe guda ya gitta kansa, abin da yake kawowa yana faɗuwa sosai. Ga hazon hunturu, ga ƙurar hanya. Yaushe rabon da wani ya hau ya goge shi?

To, a ce ka ci bashin ka sa litiyam a wannan haɗin. Wutar da ke shigowa ba ta ƙaru ba, wadda ke fita ba ta ragu ba. Bambancin kawai shi ne litiyam yana da na'urar kariya a cikinsa, wadda ake kira BMS, da zarar ya yi ƙasa sai ta yanke wuta gaba ɗaya. Sai ka wayi gari ƙanƙara ta zama ruwa, kunun aya ya yi tsami, ga mai bashi yana jira. Na san wani mai daskararren kifi da ya yi haka. Ya ga bidiyo a Facebook, ya sayar da babur ya cika da rance ya sayo litiyam, ya bar tsohon faranti da tsohuwar kwanturola, na'urar da ke daidaita cajin da faranti ke kai wa batir, yadda suke. Ranar da aka yi hadari kwana biyu a jere, sai da ya karyar da kifin a rabin kuɗi kafin ya yi wari. Ya koma wurin mai shago yana faɗa wai an sayar masa da jabu. Aka auna, batir lafiyarsa ƙalau, caji ne ba ya samu.

Maganar shekara goma kuma, ka rage mata gishiri. Litiyam mai kyau, irin LiFePO4, yana jure caji da saukewa sau dubbai, ana iya shan kashi 80 cikin ɗari na wutarsa, alhali na darma bai kamata a wuce rabi ba. Ya fi sauƙin nauyi, ba ya son ƙarin ruwa. Duk gaskiya ne. Amma kasuwa cike take da waɗanda aka haɗa da tsofaffin ƙwayoyin batir aka rufe da sabon akwati, kuma mutumin da bai san auna batir ba shi ne abincin masu irin wannan kaya.

Yanzu ribar taka. Dubu 300 a wata bakwai, kusan dubu goma ke nan a mako. Kasuwa uku sau dubu takwas, dubu 24. Ashe kusan rabin abin da kake kira riba kuɗin batir ne da bai zo karɓa ba tukuna. Kana kai shi gida ana cefane da shi, ranar da batir ya mutu sai ka ce asara ta same ka. Batir kaya ne mai ƙarewa, dole ya shiga lissafin kowace rana tare da mai da sukari da leda. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 aka kuma saki darajar naira, duk kayan da ake shigowa da su sun yi tsada, don haka abin da za ka ware ma ya ɗara na da.

Game da ƙanin maiɗakinka, ban ce ya cuce ka ba. Amma ka tambayi kanka: baturan nan sababbi ne ko na hannu? Na tayar da mota ne ko na ajiyar wuta? Akwai rasit? Akwai garanti? Batirin mota farantansa sirara ne, an yi shi don ya ba da wuta mai yawa na ɗan lokaci ya tayar da inji, in aka sa shi jan firiza dare da rana ba ya daɗewa. Na ajiyar wuta, irin su tubula, farantansu masu kauri ne. In ba ka san wanne ke cikin motarka ba, laifin naka ne, domin kai ne mai dukiya. Kunyar surukuta ta hana ka neman rasit, kuma kunyar nan ta ci maka kuɗin da ya isa sayen farantai da yawa. Daga yau ku je Sabon Gari tare, a auna a gabanka, a rubuta rasit da sunanka. Ba rashin yarda ba ne, kuma in mai gaskiya ne shi ma hankalinsa zai fi kwanciya.

Ga abin da za ka yi na wata guda. Sayi ƙaramar mitar auna wuta da littafi mai layi. Da asuba, ka kashe inbata, ka bar batir ya huta kamar rabin awa, ka auna ka rubuta. Bayan magariba ma haka. Batir mai bolt 12 in ya cika ya huta zai nuna 12.6 ko 12.7. In ya nuna 12.2, rabi ya tafi. In kana ganin 12.0 ko ƙasa da haka kowace safiya, kashe shi kake yi da hannunka. A gefen lambobin ka rubuta cinikin ranar, kuɗin mai, da ko an yi rana ko hadari.

Abin da nake zaton littafin zai nuna shi ne kana buƙatar ƙarin faranti biyu, ko abin da rufin zai iya ɗauka, da kwanturola irin MPPT in ta PWM ce a kai, domin MPPT ta fi tatso wuta daga faranti. Wannan bai kai kuɗin litiyam ba ko kusa. Ka kuma daina daskarar da ruwa a cikin mota. Mayar da ruwa ƙanƙara shi ne ke shan wuta sosai, riƙe sanyin abin da ya riga ya daskare kaɗan yake ci. Ka daskarar a gida ko ka sara wurin masu injin ƙanƙara, firizar mota ta zama ta riƙo kawai. In ka zo canja firiza, nemi mai aiki da batir kai tsaye ba tare da inbata ba.

Baturan kuma a ɗauke su daga kusa da inji, a ɗaure su kada su riƙa tsalle a hanyar ƙauye, a bar musu iska, domin na ruwa suna fitar da iskar da ke kama wuta lokacin caji. Zafi yana rage musu kwana ƙwarai, bas a rufe a watan Afrilu kuwa ka san yadda take. In tubula ne, duba ruwansa duk wata, a ƙara tataccen ruwan batir, ban da na rijiya ko na leda. Kada a haɗa sabo da tsoho, tsohon zai ja sabon ƙasa.

Daga wannan makon ka riƙa ware dubu uku zuwa huɗu kowace ranar kasuwa a asusu daban, kuɗin batir ne, ba na cefane ba. In farantai sun wadata, lambobin safe suka tsaya a 12.3 ko sama, asusun nan da kansa zai saya maka litiyam nan gaba ba tare da bashi ba, kuma a lokacin ka san girman da kake buƙata. In ka sa shi kana so injin mota ya riƙa yi masa caji a hanya, sai da na'urar daidaita caji a tsakani, in ba haka ba altaneta, wato na'urar cajin motar, na iya ƙonewa.

Mota ta biyu kuwa, ba zan ce komai a kanta ba sai ka turo mini hoton shafukan littafin na kwana talatin.