Na ga takardar sirri kan bibiyar wayoyin mutane: in na kwarmata, doka za ta kare ni?

Tambaya: Barista, ni injiniya ne a wani kamfanin sadarwa. Kwanaki wata takarda mai hatimin sirri ta biyo ta hannuna daga wata hukumar tsaro, ana neman bayanan kiran lambobi da yawa. A ciki na gane lambar ƙanena da ta wani ɗan jarida. Na tambayi ogana, ya ce ba ruwana, umarni ne daga sama. Na ɗauki hoton takardar a wayata. Wani abokina ɗan jarida ya ce in tura masa, ba wanda zai san ni ne. A sanina kundin tsarin mulki ya hana sauraron wayar mutane, doka kuma tana kare mai fallasa ɓarna. Ina kan daidai?

Amsa: Malam, kada ka tura hoton nan wa kowa tukuna, ko da matarka ce. Ba ka faɗi ƙasar da kake aiki ba, kuma gara da ka yi hakan. Sai dai wannan ya sa amsata za ta tsaya a kan abin da dokokin ƙasashe suka fi haɗuwa a kai. Ba za ta maye gurbin zama da lauya ido da ido, wanda zai karanta takardar ɗaukarka aiki ba.

Abu biyu ka ɗauka a matsayin tabbas, kuma dukansu akwai gyara.

Haƙƙin sirri yana nan, amma da iyaka. Sashe na 17 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1966 kan haƙƙin jama'a da na siyasa ya hana kutsawa cikin sirrin mutum ta hanyar da ta saɓa doka ko bisa son rai kawai. Bai ce kada a taɓa kutsawa ba. A Najeriya, misali, sashe na 37 na kundin tsarin mulki ya ambaci hirar waya ƙarara, amma sashe na 45 ya ba da damar yin dokar da za ta taƙaita wannan haƙƙi saboda tsaron ƙasa ko zaman lafiyar jama'a. Mafi yawan ƙasashe a kan haka suke. Abin da kotu za ta bincika shi ne: wace doka ta ba hukumar dama, an samo izinin alƙali inda ake bukatarsa, kuma abin da aka nema bai wuce gona da iri ba? Takardar da ka gani ƙila shafi ɗaya ce cikin fayil mai kauri. Mai yiwuwa akwai umarnin kotu da bai biyo ta teburinka ba, mai yiwuwa kuma babu. Daga inda kake zaune ba za ka iya rantsuwa a kan ko ɗaya ba.

Ka kuma lura, bayanan kira ka ce an nema: wa ya kira wa, ƙarfe nawa, minti nawa, daga wane yanki. A dokokin ƙasashe da dama wannan ya fi sauƙin samu a kan sauraron maganar kanta. Ni dai ina ganin wannan bambanci bai dace da zamanin nan ba, domin wanda ya san ka kira likita da tsakar dare sannan ka kira lauya da asuba ya san rabin sirrinka. Amma ra'ayina ne wannan, alƙali kuwa da abin da ke rubuce zai yi aiki.

Batu na biyu ya fi damuna. Mutane suna ɗauka cewa in abin da aka fallasa ya tabbata ɓarna ce, mai fallasawa ya kuɓuta. Galibi ba haka abin yake ba. A 2013 Edward Snowden ya fitar da takardun da suka nuna hukumar leƙen asiri ta Amurka, NSA, tana tattara bayanan kiran miliyoyin mutane. A 2015 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yanke cewa doka ba ta ba da izinin wannan tattarawa ba, wata kotun ta sake cewa haramun ne a 2020. Duk da haka ba a janye tuhumar da aka yi masa a ƙarƙashin dokar leƙen asiri ta 1917 ba, yana zaune a Rasha. Dokar sirrin gwamnati ta Birtaniya ta 1989 ita ma ba ta tanadi kariyar "don amfanin jama'a na yi" ba. Wasu sukan kawo misalin Katharine Gun, mai fassara a hukumar leƙen asiri ta Birtaniya, GCHQ, wadda a 2003 ta fitar da wasiƙar Amurka kan leƙen asirin wakilan ƙasashe a Kwamitin Sulhu. Gaskiya ne ta fita daga kotu a 2004 ba tare da hukunci ba, amma masu gabatar da ƙara ne suka ƙi kawo hujja. Babu alƙalin da ya ce tana da haƙƙin yin abin da ta yi.

Dokokin kare masu fallasa suna nan, sai dai a karanta su a tsanake. Yawancinsu suna kare wanda ya kai ƙorafi ga hukumar da aka tanada, kuma sukan ware bayanan tsaro gefe. Dokar 'yancin samun bayanai ta Najeriya ta 2011 tana da sashen da ke kare jami'in gwamnati da ya fallasa almundahana ko amfani da muƙami ba bisa ƙa'ida ba. Kai kuwa a kamfani kake aiki. Ko kalmar "jami'in gwamnati" za ta rufe ka, abin jayayya ne, kuma ba zan so ka zama wanda za a gwada wannan jayayya a kansa ba.

Abokinka ɗan jarida ya yi maka alkawarin da ba a hannunsa yake ba. Ba na shakkar niyyarsa, amma in an zo kamu ba ƙofarsa za a fara bugawa ba. A 2017 Reality Winner, wata 'yar Amurka mai yi wa NSA aikin kwangila, ta aika wa wata kafar labarai ta intanet takardar NSA ta gidan waya. Masu bincike suka lura da alamar ninki a kwafin, suka gane an buga shi ne a takarda, suka duba na'ura suka ga mutum shida kaɗai suka buga shi. Aka ɗaure ta wata 63. Ka tambayi kanka mutum nawa ne a kamfaninku suka taɓa takardar nan, kuma a cikinsu nawa ne suka je suka yi wa oga tambaya a kanta. Kai kaɗai ne, kuma lambar ƙanenka tana ciki.

Hoton da ke wayarka shi kansa matsala ne tun kafin ka tura. Dokokin sirri da dama suna hukunta kwafa da ajiyewa, ba bayarwa kaɗai ba. Ta Najeriya ta 1962 haka take, kuma hukuncinta na iya kai shekara 14. Amma kada ka yi gaggawar gogewa. In an riga an fara bincike, ana iya fassara gogewar da ɓatar da hujja. Ka bar shi yadda yake, ka ga lauya cikin kwanakin nan, shi zai faɗa maka yadda za a rabu da shi. Kada kuma ka kira ƙanenka ka tsegunta masa. A wurare da yawa sanar da wanda ake bibiya laifi ne mai zaman kansa, kuma wayar da za ka kira shi a kai ita ce ake magana a kanta.

Amsar oganka ba ta gamsar da ni ba. "Umarni daga sama" ba sunan wata doka ba ne, kuma kamfani mai tsari yana da sashen shari'a da ke tantance irin waɗannan buƙatu kafin injiniya ya taɓa komai. Can ya kamata maganarka ta fara. Ka rubuta gajeriyar wasiƙa, ba zargi, ba kwafin takardar, kana neman a tabbatar maka a rubuce cewa buƙatar ta cika sharuɗɗan doka kafin ka aiwatar. In izinin yana nan, ka huta. In babu, ka bar shaidar cewa ka bi hanya, kuma lauyan kamfani da ya san aikinsa ba zai so sa hannunsa ya bayyana a kan abin da ba shi da tushe ba. In aka yi biris da kai, akwai mataki na gaba kamar yadda aka saba: hukumar kula da sadarwa, hukumar kare bayanan jama'a, hukumar kare haƙƙin ɗan Adam, ko kwamitin majalisa mai sa ido kan hukumomin tsaro. Wanne ne daga cikinsu doka ta yarda ya ga takardar sirri, ya danganta da ƙasa, don haka lauya ne zai zaɓa, shi ne kuma zai rubuta.

Zuwa kotu kuwa, ba na ba da shawararsa yanzu. Haƙƙin da ake zargin an taka na ƙanenka ne, kai ba ka da hurumin ƙara a madadinsa, shi kuma ba shi da hujjar da ba daga wayarka ta fito ba. A 2013 Kotun Ƙolin Amurka ta kori ƙarar Amnesty International da wasu saboda sun kasa nuna cewa lallai su aka saurara. Ƙungiyar Big Brother Watch ta kai Birtaniya ƙara kan bibiyar sadarwar jama'a a Kotun Turai ta haƙƙin ɗan Adam a 2013, hukuncin ƙarshe bai zo ba sai 2021. Ƙungiyoyi ne masu lauyoyi da kuɗi suka jure wannan jira.

In kamfanin ya gano hoton kafin ka motsa, kada ka sa hannu a kan kowace takarda, kada ka ba da dogon bayani kai kaɗai a ofis. Ka nemi lokaci ka zo da lauya. Sau da yawa kamfani ma ba ya son maganar ta fita, kuma nan ne ake samun damar sasantawa: a miƙa wayar a gaban shaidu, a rubuta cewa hoton bai je ko'ina ba, a tsaya a kan gargaɗi ko a rabu lafiya a biya ka haƙƙinka. Ka sani cewa sulhu da kamfani ba ya ɗaure hannun hukuma in ta so tuhuma, ko da yake yakan rage yiwuwar hakan. Ranar da za ka ga lauya ka tafi da takardar ɗaukarka aiki da duk wata yarjejeniyar riƙe sirri da ka taɓa sa wa hannu, kuma ka nemi ganinsa ba tare da ka faɗi dalili a waya ba.